Bille a Kuncin Hagu

Jiya da la'asar ina jin ku a kan bencin nan na ƙofar shago, ɗayanku yana cewa wai aikin Baba Sale ai ba sana'a ba ce, kwamfuta ke ɗaukar hoto, firinta ta fitar, tsoho ya miƙa ambulan. Wani kuma ya ƙara da cewa tsufa ya fara taɓa ni, tunda kullum da safe sai na ɗaga wa kwamfuta hannu kamar mai gaishe ta. Duk na ji. Ban tanka ba ne don lokacin ina yankan fasfo, kuma mai almakashi a hannu ba ya surutu. Yau da babu kowa, ku ajiye wayoyin nan ku matso, in gaya muku abin da ke cikin dannawar da kuka raina.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shara ce. Maigidana Baba Lamidi, Bayarabe ne da ya zauna a Birnin Kudu har ya fi wasu 'yan gari sanin lungunanta. Shekara guda cur ina wurinsa ban taɓa kyamara ba. In share shago, in wanke kwanukan magani, in riƙe labule, in riƙe wani faifai da ya lulluɓe da takarda mai ƙyalli don ya mayar da haske kan fuskar mutum. In hannuna ya gaji faifan ya sunkuya, ba ya ko waiwayowa, sai dai ka ji ya ce, "Sale, ka kashe wa mutumin nan rabin fuska." Maganarsa ɗaya ce kullum: ka kalli mutum tukuna, kafin ka kalli kyamara. Mai dogon wuya daban ake zaunar da shi, mai zurfin ido daban, baƙi wuluk da fari sol ba haske ɗaya suke ci ba. Allah ya jiƙan Baba Lamidi, ban ga mai ido irin nasa ba har yau.

Hoton farko da ya bar ni na wanke da hannuna, na wani mai unguwa ne daga Kiyako yana gaisawa da baƙonsa. A lokacin hoton baƙi da fari muke wankewa da kanmu a wani ɗan ɗaki mai jan ƙwai, mai kala kuma sai an kai fim Kano. To, fim yana da gaba da baya, kuma in ka kifa shi ta baya, hoton zai fito tsaf, babu abin da zai nuna maka an yi kuskure, sai dai komai ya koma ɗaya gefen. Ni kuwa ɗoki ya sa na kifa shi. Na wanke, na shanya, na kawo ina washe baki. Baba Lamidi ya duba sau ɗaya, ya kama kunnena na dama ya murɗe, ya ce, "Da wane hannu ake gaisawa a garinku?" Na duba, sai ga mai unguwa guda, da rawaninsa, yana miƙa wa baƙo hannun hagu. Da hoton nan ya isa Kiyako, da mun shiga uku. Kunnen nan kwana biyu yana zafi, kuma ku riƙe shi a ranku, don zai dawo cikin labarin nan.

Na yi shekaru masu daɗi bayan na buɗe nawa shagon. Ranar sallah layi har bakin titi, 'yan makaranta, angwaye, masu neman aikin ɗan sanda, duk ta ƙofar nan suke bi. Sannan wayoyi masu kyamara suka cika gari. Ba rana ɗaya abin ya faru ba, amma akwai shekarar da na gane an gama. Masu wankin fim na Kano suka ce sun daina, injin ya tsufa, babu mai kawo aiki. Ranar sallar shekarar na shimfiɗa darduma, na jera furannin roba, na sa sabuwar riga, na zauna daga hantsi har magariba, mutum uku suka shigo, ɗaya ma cajin waya ya zo nema. Na raba shagon biyu na ba wani mai aski rabi, ni kuma na koma gonar gado a Wurno ina noman gero. Kyamarar Baba Lamidi na naɗe ta a zani na sa ƙasan akwati. Raina ya ɓaci a shekarar nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wadda ta dawo da ni sana'a mace ce, Malama Hadiza, mai koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Ta zo neman fasfo na ɗalibanta, ta tarar da gashin aski a inda labulena yake. Ta ce, "Malam Sale, ka san matan da ke cikin gidajen nan duk fasfo suke nema? Katin asibiti, fom ɗin taki, rajistar ƙungiya. Mazansu ba sa son namiji ya tsaya yana ƙare musu kallo, na waya kuma kullum dawo da shi ake yi, ko duhu, ko karkace, ko bangon ƙasa a baya." Na ce to ni ya zan yi, in zama mace? Ta yi dariya ta ce a'a, akwai manhajar da ake sa wa kwamfuta, mutum ya zauna shi kaɗai a gabanta, ya danna, ta ƙirga, ta ɗauke shi da kanta. Turawa a wurin biki suke ajiye ta don wasa. Kuma kyauta ce. Na ce, "Malama, kyauta fa? A duniyar nan?" Ta ce wallahi kyauta.

Ranar da muka ɗora ta, a nan kan teburin nan ne. Na sayar da buhunan gero na sayi tsohuwar laftof, da ƙaramar firinta mai fitar da katin hoto, da 'yar kyamarar nan da ake maƙalawa a saman kwamfuta, wadda 'yan boko ke kira wabkam. Malama ta haɗa laftof ɗin da intanet ɗin wayarta. Shafin da muka shiga maɓallai uku ne manya-manya, kore, kowanne yana cewa a danna shi, ni kuwa har na kai hannu kan mafi girma. Ta buge min hannu kamar ɗan aji ɗaya, ta ce waɗannan duk talla ne, wani ma cuta zai zuba wa kwamfutar, na gaskiyan shi ne ɗan ƙaramin rubutun can ƙasa. Sau biyu saukewar tana yankewa, sai da muka ɗora wayar a kan tagar mai aski sannan ta kammala. Daga nan manhajar ta tambayi izinin amfani da kyamara, muka ba ta. Sai ga cikin hancina ya cika allo, don ta kama kyamarar jikin laftof ɗin ce, mai kallon mutum daga ƙasa. Malama ta shiga wurin saiti ta zaɓa mata wabkam ɗin. Muka sa ta riƙa jira daƙiƙa goma kafin ta ɗauka, muka tsara fasfo takwas a kati ɗaya, muka nuna mata firinta. Kafin azahar na zauna na danna, na ga kaina guda takwas suna fitowa a jere, babu wanda ya tsaya bayan kyamara.

Har yau in na tuna wanda ya rubuta manhajar nan sai in yi ta mamaki. Ban san sunansa ba, ban san ƙasarsu ba, ban san ko yana salla ko ba ya yi ba. Mutum ya zauna ya ɓata watanni yana haɗa abu, ya gama, ya ajiye a hanya ya ce duk mai so ya ɗauka. Bai san akwai wani gari Birnin Kudu ba, balle wani tsoho da ya koma noma. Ni dai ina sa shi a addu'a tare da Baba Lamidi.

Amma kada ku ɗauka daga nan sai cin riba. Gidan farko da na kai ta a cikin gari, na kafa komai a zaure na fita, mata shida suka shiga ɗaya bayan ɗaya, hotuna suka fito duk idanunsu a ƙasa kamar masu jin kunyar suruki. Ashe fuskarsu suke kallo a allo, ba idon kyamara ba. Na koma gida na ciro jar tsakiya daga tsohuwar sarƙar matata Uwani, na manna ta dab da idon kyamarar. Lambobin da ke ƙirgawa a allo kuma ba kowa ke karanta su ba, sai ɗauka ta zo mace tana gyaran hijabi. Malama ta nuna min inda ake sauya sauti, na sa Uwani ta yi magana muka naɗa. Yanzu in an danna, muryarta ce ke cewa, "Yar uwa, ɗago kai, kalli jar tsakiyar nan, kar ki motsa. Ɗaya, biyu, uku." Na ɗaure kujera da teburi da igiya mai tsawon da na auna, don kada a matso ko a ja baya. Na samu farin yadi mai kauri na baya, faifan Baba Lamidi kuma na fito da shi daga ritaya. Haske dai har gobe ni ke karanta shi, manhaja ba ta san gabas da yamma ba.

Sai ƙa'ida ɗaya da na kafa tun ranar farko, wadda ita ta buɗe min ƙofofin da ko wanzami ba ya wucewa. Hoton matar mutum ba ya kwana a kwamfutata. Ana fitar da kati, zan kira maigidan ko ɗanta, in goge a gabansa, in shiga kwandon shara na kwamfutar in sake gogewa yana kallo. Labari ya bazu har ƙasar Gwaram cewa akwai mai hoton da ba ya ganin mace, kuma ba ya ajiye ta.

Wannan labarin ne ya kawo min Bello, wani Bafulatani mai kimanin shekara arba'in daga wata ruga a bayan Farin Dutse. Ƙarshen damina ne, ana shirin yankan gero. Ya ce mahaifinsa ya sayar da shanu ya biya kujerar Makka biyu, tasa da ta mahaifiyarsu Inna Dije, sai Allah ya yi masa rasuwa kwana ashirin da suka wuce. Kujerar Inna tana nan, za ta fita takaba tun kafin a fara tashi, amma ana rufe karɓar takardun maniyyata ranar Alhamis da azahar, kuma fom ɗinta babu hoto. Mai takaba ba ta fita, baƙon namiji kuma ba ya shiga. Matarsa Ladi ta ɗauka da waya har sau biyu, an dawo da su. Ya ce, "Malam Sale, in Alhamis ta wuce, sai wata shekarar, kuma tsohuwa ce. Shekara goma suna tara wannan tafiya ita da Baffa."

Ranar Talata na ɗaure kaya a babur muka tafi: laftof, firinta, batir da inbata, teburi mai naɗewa, yadi da faifai. Babu zaure a rugar, sai wata rumfar kara a bakin shinge, mai kallon arewa, haskenta mai laushi kamar an auna min. Na kafa komai, na zaunar da Bello na gwada tsayi, na nuna wa Ladi inda za ta danna, sannan ni da Bello muka koma bayan zana muka ba su baya. Na ji takun tsohuwa, sai kuma na ji ta tsaya. Ta ga farin yadin da na rataya. Ta ce, "Ladi, wannan baƙon hoto ya zo ɗauka ko likkafani ya kawo min? Ku gaya masa ya yi sauri da yawa, ban je Makka ba tukuna." Dariya ta kusa ƙwace min a gidan makoki. Na ce daga bayan zana, "Inna, Allah ya ba da haƙuri, ya jiƙan Malam. Yadin na bayanki ne, ba na jikinki ba." Ta ce, "To, madalla." Muryar Uwani ta ƙirga, firinta ta yi kukanta, Ladi ta miƙo min kati ta saman zana.

Hoto ya yi kyau, wallahi ya yi. Tsohuwa siririya, doguwar fuska, idanu tar a kan jar tsakiya, ga wani bille guda ɗaya da ya gangaro daga gefen hanci zuwa kunci. Na yanka takwas, na sa a ambulan, na miƙa wa Bello na ce ya duba. Ya karɓa ya zura a aljihu bai buɗe ba. Shi ne ɗan fari, kuma kun san Fulani da ɗan fari: ita ba ta kiran sunansa, shi ba ya tsayawa ya ƙura wa fuskarta ido, ko a takarda. Na kira shi ya ga na goge hoton, na sake gogewa, muka sha nono, na kamo hanya ina jin kaina wani gwani.

Laraba bayan la'asar ina zaune a nan sai ga babur ya tsaya da ƙarfi. Bello ne, ko sallama bai gama ba ya jefa wani tsohon kati a kan teburi. Ya ce, "Malam Sale, me muka yi maka?" Ya kai takardu Gwaram, jami'in da ke karɓa ya ɗora sabon hoto kusa da tsohon katin zaɓen Inna, ya duba, ya sake dubawa, ya ce wannan ba mace ɗaya ba ce. Ta jikin kati billenta a kuncin hagu yake, ta sabon hoto a dama. Ya ce ya sha ganin an yi rasuwa a gida, 'yan uwa su turo wata a kujerar wata. Ya riƙe hotunan a fayil, ya ce in gaskiya ne a kawo na gaskiya kafin azahar ɗin gobe. Ban ga laifin mutumin nan ba ko kaɗan, aikinsa ya yi, kuma ya fi ni ido a ranar. Bello kuwa idonsa ya yi ja, ya ce, "A gaban mutane aka ce na zo sayar da kujerar uwata."

Na ɗauki katin na kai bakin ƙofa. Hoton ɗan mitsitsi ne, ya dushe, amma billen yana nan a hagu. Sai na ji kunnena na dama ya yi zafi, kunnen da Baba Lamidi ya murɗe. Na kunna kwamfuta, na zauna a kujera, na ɗaga hannun dama, na danna. Kati ya fito, ga Sale guda takwas, kowanne ya ɗaga hannun hagu. Innalillahi! Manhajar tana nuna wa mutum kansa kamar madubi don ya ji daɗin gyara zama, kuma yadda ta nuna haka take ajiyewa. Wata biyar ina raba wa matan ƙasar nan fuskokinsu a juye. Ba wanda ya lura, don fuska cikin hijabi in babu tabo ba ta nuna gefe. Ni kuma da aka koya wa kallon mutum kafin kyamara, na ƙirƙiro sana'ar da ba na ganin mutumin sam. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido.

Na kira Malama Hadiza a waya. Ta ce in shiga saiti, in gangara ƙasa, akwai wani ɗan akwati da aka yi wa alama, kusa da kalmar madubi da Turanci. Na cire alamar, na sake ɗaga hannun dama, ya fito dama. Aikin daƙiƙa biyu. Bello ya ce to a juya na Inna a fitar masa yanzu. Na ce, "Bello, wanne? Ba a gabanka na goge ba?" Ya dafe kai. Ƙa'idar da nake taƙama da ita, ita ta rufe mu. Babu abin yi sai a koma ruga a sake ɗauka, a kuma iso Gwaram kafin azahar.

Bello ya kwana a gidana, muka yi asuba muka kama hanya. An yi ruwa a can ƙasarsu, irin na bankwana mai ƙarfin nan, rafin da muka tsallaka a kan babur ranar Talata ya kawo har cinya. Muka bar baburan a wurin wasu masu gona. Na naɗe laftof da firinta a leda, na sake naɗewa da farin yadin, na ɗora a ka, Bello ya ɗauki batir a kafaɗa, muka shiga ruwa ina karanto duk addu'ar da na sani. Da shekaruna sittin da 'yan kai, ban taɓa jin tsoron santsi irin na ranar ba. Mun isa rumfar rana ta ɗaga sosai.

Sai Inna Dije ta ce ba za ta fito ba. Ladi ta kawo saƙo cewa ta zauna gaban na'ura sau ɗaya cikin takaba, ya isa, in Allah bai kira ta bana ba, ba hoto ne zai kira ta ba. Bello ya sunkuyar da kai, shi ba zai iya yi mata musu ba. Na matsa jikin zana na ɗaga murya na ce, "Inna, ni ne mai hoto. Ba Allah ne ya hana ba, ni ne na ɓata aiki. Na juya miki fuska, aka ce ɗanki maƙaryaci ne a gaban jama'a. In ba ki fito ba, wannan maganar za ta zauna a kansa, ni kuma in mutu da ita." Can sai na ji ta ce, "Tsoho da kai, ka rasa abin juyawa sai fuskar mutane?" Na ce, "Wallahi kuwa, Inna." Ta ce, "To, rataya likkafanin naka."

Muryar Uwani ta ƙirga, firinta ta fitar, Ladi ta miƙo. Na ɗora katin zaɓe a gefe na duba: hagu da hagu. Na yanka, na ce wa Ladi ta kai mata ɗaya ta gani kafin mu tafi. Ban gama naɗe igiya ba sai na ji muryar tsohuwa ta tashi. "A'a! Wannan ne ya ɓaci. Na shekaranjiya shi ne ni. Billena ba a nan yake ba, ni da fuskata za a gaya min? Kada wanda ya kai wannan ko'ina." Bello ya dubi rana, ya dube ni. Na san in ta hana, ba zai taka ko'ina da hoton ba.

Na ce, "Ladi, akwai madubi a ɗaki? Ɗauko ki ba ta." Aka kawo. Na ce, "Inna, ɗora yatsa a kan billen. Wane hannu kika ɗaga?" Ta ce, "Hagu mana." Na ce, "To dubi ta cikin madubin, ki ɗauka wata ce zaune a gabanki tana kallonki. Wane hannu ta ɗaga?" Na ji Ladi tana cewa a hankali, "Na dama ne, Inna." Na ce, "Madubi juya mutum yake yi, Inna. Duk ranki abin da yake nuna miki ke nan, na'urata ma shi ta kwaikwaya shekaranjiya. Wannan na hannunki, shi ne yadda duk wanda ya taɓa kallonki yake ganinki." Katin zaɓen kuwa, ashe tun ranar da aka yi shi yana cikin jakar fatar marigayi tare da takardunsa, ba ta taɓa riƙe shi ta duba ba.

'Yan maruƙa suna kuka a bayan gida. Sannan Inna ta yi magana, ba da muryar faɗan nan ba.

"Har da shi?"

Ba ta faɗi suna ba, kuma ba wanda ya tambaya. Na ce, "Har da shi, Inna."

Ta ce, "Ikon Allah. Shekara arba'in da biyar wannan yake kallo, ni ban taɓa ganinta ba sai da ya tafi." Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Mai hoto, na'urar taka tana yin babba? Ka yi min guda ɗaya kafin ka goge."

Na sauya tsari daga takwas zuwa ɗaya, batir yana ta kukan ƙarewa, na fitar mata da kati cikakke. Na miƙa shi ta saman zana. Na kira Bello ya ga gogewa, ya tsaya a gefena, kuma a karon nan na ga ya ɗago ido ya dubi allon kafin hoton ya ɓace. Daga nan ya cusa ambulan cikin hula, ya ruga rafi, ya bar ni da kaya. An ce ana kiran azahar yana shiga ofishin, wandonsa jiƙe har ƙugu. Jami'in ya ɗora hoto kusa da kati, ya buga hatimi, ya kuma ba shi haƙuri a gaban mutanen da suka ji maganar farko.

Ni kuwa na yi sati biyu ina bin gidajen da na yi wa aiki a watannin nan biyar, ina sake ɗauka ba tare da na karɓi ko sisi ba. Wasu suka ce ai ba komai, na ce a wurina da komai.

Bayan babbar salla Bello ya zo nan da dabino da 'yar gorar zamzam, ya ce Hajiya Dije ta sauka lafiya, ta ce a gaida tsohon da ke juya fuskar mutane. Na tambaye shi babban hoton, ko an sa shi a gilashi an rataya. Ya ce a'a. Ta buɗe jakar fatar Baffa, ta sa shi a inda katin yake a da, ta ɗaure, ta mayar ƙarƙashin matashinta.

Shi ya sa kuke ganin kowace safiya, kafin mutum na farko ya zauna a kujerar nan, nake ɗaga wa kwamfuta hannun dama in duba da wanne ta amsa. Ba tsufa ba ne. Wanda yake son koyo a cikinku, tsintsiya tana bayan ƙofa.